Yadda nake ɗaukar hoton kwanson dayatom da waya, tun daga rafin Jos har zuwa silaid

Duk wanda ya taɓa tsallaka rafi a Jos da ƙafa ya san santsin nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke kan duwatsun cikin ruwa, wanda in ba ka yi da gaske ba sai ya kai ka ƙasa. Yawancin mutane datti suke ce masa ko gansakuka, toh akwai gansakuka a ciki, amma mafi yawan mai ruwan zumar nan wasu ƙananan halittu ne da ake kira dayatom, kuma yau shekara huɗu kenan ina kankaro su ina kawowa gida ina ɗaukar hotonsu. An sha tambayata wace kyamara nake amfani da ita, har wani ya ce ai wannan sai mai kuɗi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai dalla-dalla. Waya ce kawai da nake ɗorawa a kan maikiroskof, 'yan uwa. Abin da ke fitar da hoton dayatom wanki ne da haske, kyamara ita ce ta ƙarshe a lissafi, kuma za ku ga dalili.

Dayatom tsiro ne mai ƙwayar halitta ɗaya tak, dangin gansakuka, yana cin abinci da hasken rana kamar ganye. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne gidan da yake ginawa kansa, kwanso na silika, wato dai gilashi, sinadarin da ke cikin yashi. Kwanson gida biyu ne, gindi da murfi, kamar gwangwanin man takalmi, kuma jikinsa duk ƙananan huji ne da layuka a jere cikin tsari wanda in ka gani sai ka ce Subhanallah. Girman yawancinsu daga maikiromita 2 ne zuwa 200, maikiromita kuwa milimita ɗaya ce aka raba gida dubu, gashin kai yana kai wajen 70, ƙwayar jan jini da 'yan lab suka saba gani kuma 7 zuwa 8. Masana na ƙiyasta kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da ake samarwa a duniya duk shekara daga gare su take fitowa. In dayatom zai rabu biyu, kowanne ɗa yana ɗaukar rabin kwanso ya mai da shi murfi ya gina sabon gindi a cikinsa, don haka wani ɓangaren zuriyar kullum ƙanƙancewa yake, shi ya sa za ka ga iri ɗaya a silaid ɗaya, wato ɗan gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai, amma wani babba wani ƙarami, kar ka ɗauka iri biyu ne.

Toh ka riƙe wannan a ranka tun yanzu: gilashi za ka ɗauka hoto, gilashi marar launi, a kan gilashi, ta cikin gilashi. Duk wahalar da za mu sha a ƙasa don a sa shi ya fito ne.

Kayan aiki

Maikiroskof irin na lab ɗin da ake gwajin maleriya shi kake nema, mai objektif huɗu, wato gilasan ƙara girma da ke fuskantar silaid, 4x, 10x, 40x da 100x, da kwandensa, gilashin tattara haske, a ƙarƙashi wadda ke hawa da sauka. Irin XSZ-107 ɗin nan na Chaina da ya cika ƙananan lab ya isa ka fara, in ka samu Olympus CX21 ko CX23 na hannu toh ka dace. Dan Allah kar ka sayi na wasan yara da ake rubuta 1200x a kwali, ko na USB mai kama da tocila, ba za su nuna maka layi ko ɗaya a jikin dayatom ba. Lambar da ta fi muhimmanci ma ba ta girma ba ce, ƙaramar lambar da ke gefenta ce, 0.65 a jikin 40x, 1.25 a jikin 100x, ita ke faɗa maka ƙanƙantar abin da gilashin zai iya rarrabewa, na 0.65 yana tsayawa wajen rabin maikiromita, na 1.25 kuma wajen kwata.

In za ka sayi na hannu ka tafi da ɗan lab, a Jos ba ma rasa su, ga na asibitoci ga waɗanda suka yi karatu a Vom. Ku kunce objektif ku haska da tocilar waya ku duba ko akwai fumfuna mai kama da saƙar gizo a ciki, sanyin daminar Jos yana haifar da ita sosai, sannan ku gwada ƙaramin makunnin fokas ku tabbatar ba ya zamewa da kansa. In fitilar LED ce ya fi, don tana iya aiki da batir in an ɗauke wuta kuma ba ta zafi.

Sauran kuwa ƙanana ne: silaid, murfin silaid mai kaurin milimita 0.17 wanda shi aka ƙera objektif dominsa, dropa, buroshin haƙori tsoho, 'yan robobi masu murfi, tes tub ko dogayen kwalabe sirara, sifirit, jan farce marar launi, da ruwan distil, wato tataccen ruwa marar gishiri. Sai mariƙin waya da ake ɗaurawa a idon maikiroskof, wannan kam kar ka yi rowarsa, riƙewa da hannu ɓata lokaci ne.

Mataki na farko, zuwa rafi

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin ruwa ya kwanta ya yi garau. Da damina jar ƙasar nan tamu tana cika komai kuma ambaliya tana wanke duwatsu, za ka dawo da laka ne kawai. Ni na fi zuwa ƙananan rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Shere, da gefen dam ɗin Lamingo, kuma na taɓa ɗebowa a Assop a hanyar Hawan Kibo. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi ma akwai dayatom, amma wallahi ku yi hattara da su, bakinsu a tsaye yake kuma suna da zurfi, sun ci rayuka, in ba ka ga wuri mai tudu da za ka tsaya daram ba ka haƙura, kuma kar ka je kai kaɗai.

Ka zaɓi dutse kamar girman dunƙulen hannu wanda ke cikin ruwa mai gudu kaɗan-kaɗan kuma rana na samunsa, mai santsi ruwan zuma ko ruwan makuba, kore shar ɗin nan mai zare-zare ka bar shi. Ka ɗauraye shi a hankali yashi ya fita, ka riƙe a kan roba ka goge samansa da buroshi kana ɗiga ruwa, za ka ga ruwan ya koma kamar shayi. Duwatsu biyar sun isa. A wata robar daban ka matse ganyen ciyawar da ke nutse a ruwa, a ta uku kuma ka tsotso saman laka da dropa, saman kawai, fatar nan mai ƙyalli. Kowace roba ka rubuta wuri da kwanan wata da abin da ka kankaro a kai tun kana bakin ruwan, in ka ce sai ka koma gida za ka rikita su.

Kafin ka wanke komai, ka duba su da rai. Ɗigo ɗaya a silaid, ka rufe, ka fara da 10x sannan 40x. Ranar da na fara ganin wani irin dayatom mai suna Navicula ba zan manta ba, ɗan abu mai siffar kwale-kwale, launin zuma, yana tafiya a hankali ba ƙafa ba wutsiya, ya ci karo da ƙwayar yashi ya tsaya, ya ɗan tura ta, sai kawai ya koma da baya ta inda ya fito ba tare da ya juya ba. Akwai wata tsaga a tsakiyar kwansonsa da yake fitar da wani abu mai yauƙi, da ita yake jan jiki. Ka ɗauki bidiyo a nan, don bayan wanki babu mai motsi kuma.

Akwai wata dabara ta laka da nake so ƙwarai. Ka zuba lakar a faranti, ka bari ta kwanta ka tsiyaye ruwan ta zama danshi-danshi, ka ɗora murafen silaid uku ko huɗu a kai ka ajiye kusa da taga. Masu tafiya za su hauro neman haske su manne a gilashin, washegari ka ɗaga a hankali, ka samu dayatom kusan zalla ba laka.

Mataki na biyu, wanki, kuma a nan aikin yake

Abin da ke cikin kwanson, launin zumar nan da ɗigon mai, shi ke rufe zanen. Dole a cinye shi a bar gilashin kaɗai. Amma kafin nan ka raba su da yashi: ka girgiza kwalbar sosai, ka ƙirga ashirin zuwa talatin, yashi mai nauyi zai zauna, ka juye na saman a wata kwalba. Ka maimaita sau biyu. Sai ka bar wannan ya kwana, da safe ka zuƙe ruwan sama da dropa ka bar gindin.

Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce ƙonawa. Ka sirka gindin da ruwan distil, ka ɗiga a murfin silaid ka bari ya bushe, ka ɗora murfin a kan wani ƙarfe mai faɗi a bisa risho ko gas, zai yi baƙi tukuna sannan a hankali ya koma fari-fari kamar toka, minti goma zuwa ashirin. Kar ƙarfen ya yi ja wur don gilashin zai lanƙwashe. Amfanin wannan hanya shi ne kwanson yana zama a haɗe, waɗanda ke jere kamar sarƙa ma suna nan a jerensu, illarta kuma tokar tana nan tare da su, hoton ba ya fita tas.

Wadda na fi amfani da ita ita ce ta bilic, Hypo ko Jik ɗin da ke kowane gida. Gindin nan da ka tara, ka zuba masa bilic daidai yawansa, kana ɗan girgizawa lokaci-lokaci, cikin awa ɗaya zuwa biyu za ka ga ruwan ƙasan ya koma fari. Da ya yi fari ka cika kwalbar da ruwa ka fara ɗauraya, kar ka bar shi ya kwana a ciki da ƙarfinsa. Bilic yana cin silika in ya daɗe, na taɓa barin samfurin Assop ɗina a ciki na yi tafiyar kwana uku, da na dawo manyan suna nan amma ƙananan hujin duk sun zaizaye sun haɗe, sirara kuwa sun narke, abin ya yi min ciwo don tafiya ce mai nisa. Akwai kuma haidirojin ferokzaid, masu bincike suna dafa samfur da mai ƙarfin kashi 30, wannan yana ƙona fata kuma yana iya tafasowa ya yi ambaliya, sai da safar hannu da tabarau da wanda ya san aiki. Na kemis mai kashi 3 ko 6 ma yana yi amma sai ka ba shi kwanaki a wuri mai ɗumi kana sabuntawa. Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: kar ka taɓa haɗa bilic da asid kowane iri, hayaƙin kulorin yake fitarwa kuma yana kisa. A waje ko bakin taga ake wannan aikin, nesa da yara da kayan girki.

Toh sai ɗauraya, wadda ita ce ke raba hoto mai kyau da marar kyau, kuma ita mutane suka fi tsallakewa. Ka cika da ruwan distil, ka girgiza, ka ajiye a inda ba mai taɓawa awa takwas ko kwana guda, ka zuƙe ruwan sama a hankali ba tare da ka tayar da farin gindin ba, ka sake cikawa. Sau biyar. E, kusan mako guda kenan in ba ka da injin juya tes tub irin na lab, in kana da aboki mai shi kuwa minti biyar zuwa goma a gudu marar ƙarfi ya isa kowane zagaye. In ka gajarta, gishirin da ya rage zai bushe ya zama ƙanƙara-ƙanƙara a kan kwanson, ka zo kana ta murɗa fokas kana zargin maikiroskof alhali laifin ɗauraya ne. Ruwan famfo da na rijiya da na leda duk suna barin tabo. Ruwan distil ana samu wajen masu sayar da kayan lab, ko masu batir ɗin mota, amma ka faɗa musu baro-baro distil kake so ba asid ba, kuma ka gwada: ɗigo ɗaya a gilashi mai tsabta, in ya bushe bai bar zobe ba toh shi ne.

In jar laka ta yi yawa, ruwan zai ƙi washewa ko bayan awa biyu. Ka zubar da wannan gurɓataccen na sama a zagaye biyu na farko, za ka yi asarar 'yan ƙanana amma silaid ɗin zai yi haske.

Mataki na uku, haɗa silaid

Ka goge murfin silaid da sifirit har ya yi ƙal. Ka ɗebi kaɗan daga farin gindin ka sirka da distil har ya zama kamar ruwan da aka ɗauraye kofin madara da shi, wanda kana iya karanta rubutu ta cikinsa. Kusan kowa yana cika yawa a farko, sai su hau kan juna kamar an zube ashana, gara su yi ƙaranci ka samu guda ɗaya kwance shi kaɗai da fili kewaye da shi. Ka ɗiga ya bazu a murfin, ka kifa kwano a kai ka ɗan ɗaga gefe ɗaya, ka bar shi ya bushe da kansa. Kar ka hura, kar ka sa fanka, kar ka matsar da shi, in ya bushe da gaggawa duk sai su taru a gefe. A kan murfin ake busarwa ba a kan silaid ba, saboda objektif yana son abin ya kasance manne da ƙasan murfin.

Yanzu maganar abin da za a nutsa su a ciki. Ido yana ganin abu marar launi ne in yadda yake karya haske ya bambanta da na abin da ke kewaye da shi. Ma'aunin karya haske na kwanson dayatom wajen 1.43 ne, na ruwa 1.33, na DPX da Canada balsam, ƙaron manna silaid da ake samu a lab, wajen 1.52, ka ga duk sun yi kusa da shi, shi ya sa in ka sa DPX sai su dusashe kamar an shafe su. Masu wannan harka suna amfani da wani ƙaro mai suna Naphrax mai ma'auni wajen 1.73, sai an yi oda daga waje. In ka samu, ɗigo ɗaya a silaid, ka kifa murfin a kai dayatom suna ƙasa, ka ɗora a ƙarfe mai zafi a waje inda iska ke kaɗawa, zai yi ta kumfa, in kumfar ta lafa ka sauke ka ɗan danna, ya huce ya daskare, wannan silaid ɗin har jikokinka.

In babu, iska ma ta isa, don ma'auninta 1.0 ne, nesa da 1.43. Ka ɗan ɗumama silaid da murfin danshi ya fita, ka kifa murfin, ka sa ɗigon jan farce marar launi a kusurwa huɗu, in ya kama sai ka zagaye gefen da wanda ya fara kauri don kar ya kwarara ciki. A 10x da 40x wannan yana ba da hoto mai ƙarfi sosai, hotunana na shekara biyun farko duk haka na yi su. A 100x ne kawai ba zai ba ka cikakken ƙarfin gilashin ba.

Mataki na huɗu, haske

Wani Bajamushe August Köhler ne ya fito da tsarin daidaita hasken a 1893 kuma har yau shi ake bi. Ka sa 10x ka yi fokas a kan dayatom. In maikiroskof ɗinka yana da marufin haske a ƙasa wajen fitila, ka tsuke shi, ka ɗaga ko sauke kwandensa har gefen da'irar ya fito tsaf, ka kawo ta tsakiya da 'yan sukurorin gefe, ka buɗe har ta fice daga gani kaɗan. In ba shi da shi, ka ɗaga kwandensa kusan ƙarshe ka sauke ɗan kaɗan har haske ya bazu daidai. Sai marufin cikin kwandensa: ka zare idon maikiroskof ka leƙa cikin bututun, ka tsuke har haske ya cika kashi 70 zuwa 80 na da'irar. Kuskuren da na fi gani shi ne tsuke wannan marufin gaba ɗaya saboda abin ya fi baƙi, e zai yi baƙi amma siraran layukan sun tafi kuma kowace ƙura za ta fito da zobe. In haske ya yi yawa fitila ake ragewa.

Daga nan wasa ya buɗe. Ka yanka farar roba mai garau daidai zoben da ke ƙarƙashin kwandensa, ka manna baƙar takarda zagayayya a tsakiya, faɗin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka buɗe marufin duka. Bayan zai koma baƙi ƙirin, kwanson kuma ya haska kamar azurfa, wasu har da shuɗi-shuɗi, a 10x abin ba a cewa komai. Sai ka gwada girma daban-daban kafin ka dace, kuma a 40x yana da wuya. Don fito da layuka kuwa, ka tura ɗan kati ya rufe rabin hasken daga gefe guda, hasken zai zo a karkace kamar hantsi a kan kunyoyin gona, kowane tudu da inuwarsa. Ka juya katin ta yadda hasken zai ratsa layukan a gicciye. Koren gilashi a kan fitila shi ma yana taimakawa da objektif masu araha, yana kashe jan da shuɗin da ke fitowa a gefe, daga baya ka mai da hoton fari da baƙi.

Mataki na biyar, waya

Ka goge idon maikiroskof da kyamarar wayar. Ka ɗaura mariƙin, ka saita babbar kyamara, ta 1x, a tsakiyar idon, kana matsowa kana ja baya har da'irar haske ta fito da gefe mai kaifi ba inuwa ta ko'ina. Wayoyi masu kyamara uku suna da halin sauya kyamara da kansu sai ka ga allo ya yi baƙi, shiga Pro yana hana wannan, ko ka sauke Open Camera kyauta ne a Android. A cikin Pro ka sa ISO mafi ƙasa, 50 ko 100, ka kulle fokas ɗin wayar a nesa don ya zama makunnin maikiroskof ne kaɗai ke aiki, ka kulle launin haske shi ma, in akwai RAW, wato ajiye hoto ɗanye ba matsewa, ka kunna. Zum kaɗan don cike allo ba laifi, amma ba ya ƙara komai a zanen. Kar ka taɓa wayar da yatsa wajen ɗauka, ka sa taima na sakan uku ko ka danna maɓallin ƙarar iyafis, tebur kuma ya zama mai ƙarfi, a 40x ko mota ce ta wuce a layi kana gani.

Sai ka yi ta yawo a silaid da 10x kana neman wanda bai karye ba, kwance a fuskarsa. Za ka haɗu da Pinnularia, babba mai kaurin haƙarƙari a gefe biyu kamar matsefi, shi ya fi daɗin farawa don ko 40x yana fito da shi sarai. Akwai Cymbella mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, Gomphonema mai kai babba da gindi siriri kamar muciya, Ulnaria doguwa kamar allura, Surirella mai faɗi kamar ganye, in daga dam ka ɗebo kuma za ka iya samun Cyclotella, zagayayye da layuka daga tsakiya zuwa baki, sak faifan kaba.

A 40x kaurin abin da ke cikin fokas bai wuce maikiromita ɗaya da wani abu ba, don haka in tsakiya ya fito gefe sai ya dushe. Maganinsa ɗaukar hoto da yawa. Ka fara daga saman kwanson, ka ɗauka, ka murɗa ƙaramin makunni ɗan ƙyas, ka ɗauka, kana tafiya gefe guda ba komawa baya, hoto 10 zuwa 30. A kwamfuta Picolay ko CombineZP, duka kyauta, za su tsinci wurin da ya fi fita a kowanne su haɗa hoto ɗaya, Helicon Focus da Zerene Stacker na kuɗi ne. Shawarata ka tsaya a fuskar sama kawai. Tunda gilashi ne, in ka zarce har ƙasa zanen gindi zai hau kan na murfi ya ba ka wani abu da babu shi a zahiri. Gyara kuma kaɗan, haske da yanke gefe da share ƙurar bayan fage, ban yarda a ƙara wa kwanson layin da ido bai gani ba.

In za ka shiga 100x, ɗigo ɗaya na man maikiroskof irin na lab a kan murfin, kuma in ka gama ka goge da takardar lens nan take, kar ka juyo da 40x ta cikin man.

Awo da suna

Hoto ba ma'auni rabin aiki ne. Akwai silaid na awo mai milimita ɗaya da aka raba gida 100, kowane gida maikiromita 10, ka aro ko ka saya, ka ɗauki hotonsa da kowane objektif da saitin wayar da ka saba, sai manhajar kwamfuta mai suna ImageJ ta sa maka sandar awo a kowane hoto. Da ita za ka auna tsawo da faɗi ka ƙirga layuka nawa ne a cikin maikiromita 10, waɗannan ukun su ake bi wajen gane iri. Shafin Diatoms of North America yana da hotuna masu kyau na kwatantawa, amma na Amurka ne, don haka ni a sunan dangi nake tsayawa, in ce Pinnularia kawai, sai in na tabbata. In za ka tura wa mutane a WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton layukan su narke.

Maikiroskof kuma a rufe shi kullum, da damina a sa objektif a roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika jel ɗin da ke zuwa a kwalin takalmi.

Ƙurar hunturu

Wannan na bar shi ƙarshe don shi nake kai yanzu. Hazon da ke rufe mu a Disamba da Janairu, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi. Wajen shekara 7000 da suka wuce wurin gindin wani makeken tafki ne wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne, dayatom suka rayu a ciki suka mutu kwansonsu ya taru ya zama farar ƙasa, irin wadda ake samu a Bularafa ta jihar Yobe, yanzu iska ke kwasarta. Charles Darwin ma ya tara irin wannan ƙura da ta sauka a jirgin ruwansu kusa da tsibiran Kef Bad a 1832, kuma masanin Jamus Ehrenberg ya samu kwanson halittun ruwan daɗi a cikinta.

Ka wanke faranti na tangaran ko gilashi, ka ɗora a kan rufi ko wani wuri mai tsayi nesa da titi da hayaƙin girki, ranar da hazo ya yi kauri, kwana biyu ko uku. Ka wanke ƙurar da distil cikin kwalba, ka yi mata rabon yashin nan na ƙirga talatin, bilic na rabin awa, ɗauraya biyar, ka haɗa silaid da ruwa-ruwa sosai. Yawancin abin da za ka gani ƙwayoyin ƙasa ne da ɓurɓushin ciyawa, kuma dayatom ɗin a farfashe suke zuwa, don haka 40x za ka sa ka bi silaid ɗin layi-layi daga kusurwa zuwa kusurwa da hasken gefe. Abin da kake nema ɗan guntu ne mai kama da gutsuren bututu da ɗige-ɗige a jere, yawanci Aulacoseira ne. Nawa na farko sai a silaid na huɗu na same shi, rabin kwanso, faɗinsa bai kai ƙwayar jini biyu ba, kuma hoto 14 na haɗa kafin ɗigoginsa suka fito.